Mai Tarbar Kuskure na Kawu

Kawu ake ce masa a ofis, don ya fi kowa furfura. Shafin intanet ɗin da suke kula da shi na haɗa asibitoci da masu ba da jini ne. Tun farkon kafa shi Kawu ya rubuta wani ɗan shiri a cikin sabar, wato kwamfutar da ke ɗauke da shafin, aikinsa tarbar kuskure: da zarar wani abu ya karkace, sai ya tsayar da komai cak, ya faɗi layin da ya ɓaci. Ba kyan gani, amma ba ya rufa-rufa.

Da aka naɗa sabuwar shugaba, wadda suke kira Auta saboda ƙuruciyarta, sai ta rubuta nata. Nata mai ladabi ne: ya ba baƙo haƙuri, ya share hanya a wuce. Kowa ya yaba. Kawu ya haɗiye, ya koma lungunsa kusa da fanka mai ƙara, kamar tsohuwar tabarma da aka naɗe.

Ran nan da hantsi wata ma'aikaciyar jinya ta bugo waya. Ta tura neman jini, shafi ya ce an karɓa, amma har yanzu ko ƙeyar mutum ba ta gani ba. Auta ta duba, ashe shirinta ne ya haɗiye kuskuren ya yi gum.

Kawu ya zaci za ta lallaɓa ta gyara a ɓoye. Sai ga ta ta jawo kujera gefensa, kowa na kallo.

"Kawu, nawa kunya ta yi masa yawa. Ya ga ɓarna ya kau da kai. Naka yana nan?"

"Ina za shi? Ai a kansa kika ɗora naki."

"To, mu sauke masa kaya."

Layi ɗaya ta ƙara: nata ya tsaya a shafin maraba da baƙi, daga nan aiki ya koma hannun tsohon. Suna gwadawa ya yi ihu, ya nuna inda saƙon ya maƙale. Ta gyara, ta kira ma'aikaciyar da kanta ta ba ta haƙuri. Kafin a tashi aiki an sami mai ba da jini.

"Shirin nan naka ba shi da kara," in ji ta, tana dariya.

"Gado ya yi."

Kawu ya yi aiki da shugabanni da dama, bai taɓa ganin wanda ya janye aikin hannunsa da sauri haka ba. Da ya isa gida, tun kafin ya cire takalmi ya ce wa matarsa, "Yarinyar nan za ta yi nisa."