Awa Talatin da Biyar

"Ba sunana za ki rubuta ba," in ji Noreen. "Naki."

Glenda ta ɗaga biro daga kan takardar. Daga wurin aikinta na kicin ɗin makaranta ta wuto nan, ko gida ba ta leƙa ba. Shekara ashirin da shida katanga ɗaya ce tsakanin gidajensu a wannan layi na birnin Hull da ke Ingila, kuma duk tsawon shekarun tana yi wa Noreen naci ta nemi kuɗin da gwamnati ke ba mai kula da naƙasasshe. Amsar ba ta taɓa canzawa ba: "A biya ni don na wanke wa ƙanina kai? Allah ya sawwaƙe." Yau da ta ga fom a kan tebur, ta ɗauka taurin kan ne ya ƙare.

Ƙanin, Clive, yana falo yana kallon tseren dawaki. Shekararsa hamsin da biyu, hankalinsa na ɗan shekara bakwai.

"Ban gane ba," in ji Glenda.

"Hanta ce. Likita ya ce da wuya in ga Kirsimeti." Noreen ta tura mata kofin shayi. "Sha, kar ya huce."

Glenda ta daɗe tana kallonta. Sai yanzu ta lura da yadda rigar sanyin ta yi mata yawa.

"Ni ko jini ba mu haɗa ba, Noreen."

"Na karance shafukan nan kaf, ba inda aka ce sai dangi. Awoyin kula da shi suke nema. Talatin da biyar a sati."

"Kuɗin ko wuta da gas ba zai riƙe ba. Kuma sai na rage aiki, in albashina ya haura ƙa'idarsu su yanke. Shekarata sittin fa."

"Na sani. In ba ke ba, gidan kula da naƙasassu za su kai shi. Wa zai sani a can cewa ba ya cin wake in ya taɓa ƙwai?"

Daga falo Clive ya kwaɗa kira. "Glenda mai ƙaton hanci, dokina ya ci!"

"Kai kuma ka ci gidanku!" ta mayar masa.

Ba ta rubuta komai ba. Ta ninke fom ɗin ta cusa a jaka, ya yi sati uku a ciki tare da makullai da maganin ciwon kai. A tsakanin nan aka sauko da gadon Noreen falo, nas ta fara zuwa da safe. Hannun Noreen ya daina riƙe reza, Glenda ta karɓi askin gemun Clive, mai gadon tana ba da umarni daga kan filo: "A hankali wajen kunnen. Ke, ba dankali kike ferewa ba."

Noreen ba ta sake tayar da maganar fom ba. Wannan shirun ya fi damun Glenda.

Ran wata Laraba Glenda ta shigo jiƙe da ruwan sama, ta rataye kwat.

"Na aika."

Noreen ta buɗe ido. "Har shafi na tara?"

"Har shi."

"Da wannan rubutun naki kamar tonon kaza? Allah ya sa su iya karantawa." Ta lalubo hannun Glenda ta riƙe, ta koma barci a haka.

Ran Asabar da hantsi Noreen ta cika, injin wanki na juyi a kicin. Clive ya kawo mata shayi ya tsaya a kanta har ya huce, sannan ya buga katanga sau uku ya kira Glenda.

Mutum tara suka je binnewa. Da Glenda ta buga wa ofishin da ta aika wa fom ɗin waya, sai da ta yi minti arba'in tana jira kafin wata yarinya ta yi mata ta'aziyya, ta ce takardarta na kan layi, ta ƙara haƙuri.

Glenda ta kwaso kayan sawarta ta tare a ɗakin baya na gidan Noreen. Da safe ta sauko ta tarar da Clive zaune a matakalar ƙarshe, ya taje kai, ya sa kwat. Ya miƙo ƙafafu gaba, igiyoyin takalmansa a kwance, yana jira.

Glenda ta sauke numfashi, ta dafa bango, ta durƙusa.