Masu Gaisuwa a Matakala

Da tela ya rasu, matarsa ta jera kujeru a falo, ta ɗora ruwan shayi, ta zauna jiran masu gaisuwa. 'Ya'yansu na can wata uwa duniya, sai dai waya. A benen nan kuwa kowace ƙofa da addininta da launin fatarta, kuma babu gidan da marigayin bai taɓa rage wa ƙafar wando ba.

Shiru, ba wanda ya ƙwanƙwasa. Ruwa ya tafasa, ya huce, ya sake tafasa. Abin ya yi mata ciwo ƙwarai. Ashe zaman shekara da shekaru duk na fatar baki ne.

Ran da ta fid da rai, ta ɗauki kwandon shara ta buɗe ƙofa, sai ga maƙwabtan cirko-cirko a matakala kamar masu jiran likita.

Wata nas a cikinsu ta yi wuf ta ɓoye furanni a bayanta. "Mama, malam ne ya ce a addininku fure cin fuska ne."

"Cewa na yi wataƙila," in ji malamin makarantar da ke gefenta.

Direban tasi na sanye da riga ruwan toka. Ya zo da baƙa an ce ya canza, ya zo da fara an ce ita ma akwai magana. Mai kanti na rungume da tukunya, tana tsoron kada a ce ba a cin girkin hannunsu.

"Tun yaushe kuke nan?"

"Kullum da yamma muna zuwa, Mama," in ji direban. "Sai mu tattauna, mu koma. Ba ma so mu ɓata miki rai."

"Ai kuwa kun yi ƙoƙari." Ta dube su ɗaya bayan ɗaya. "Ku shigo ku yi kuskuren a ciki."

Suka shiga, wasu da takalmi, wasu da safa. Direba, sarkin taka-tsantsan, ya wuce kujerun da aka jera kaf, kada ya hau ta manya, ya je ya zauna a tsohuwar kujerar da ke gaban keken ɗinki. Ko matar telan ba ta iya taɓa ta ba tun ranar rasuwar.

Kujerar ta yi 'yar ƙarar nan da take yi kullum in an zauna. Matar telan ta juya ta shige kicin, ta daɗe tana neman kofunan da ke gabanta.