Ranar da Injiniya Ya Kashe wa Jikarsa Wuta

Tun kafin masu digiri su gyara zaman tabarau su ce yarinyar tana da murya, Injiniya ya riga kowa gani. Tana 'yar shekara huɗu, tana zaune kan tsohuwar taya a bakin garejinsa, ya tayar da wani injin ban-ruwa, sai ya ji ɗan bakin nan ya kama kukan injin yana bi. In ya ƙara wuta ta hau, in ya rage ta sauko. A ranar ya ce wannan jika kunnensa ta gada. Ba wanda ya tanka masa, don mutane ba sa karɓar gaskiya sai ta zo da hatimi.

Injiniya bai taɓa shiga aji ba, ko don fake wa ruwan sama. Sunan ma masu kawo gyara ne suka laƙaba masa. Shekara hamsin da ɗoriya ya yi yana gyaran janareta da kunne: ya kara bakin sukudireba a jikin inji, ya ɗora kunne a mariƙinta, ya gaya maka ciwon kafin ka gama sallama. Tanki ya taɓa fashewa a hannunsa ya tafi da yatsu biyu, ya tashi ya karkaɗe riga ya ƙarasa aikin. Iyayen gidansa uku masu takardun shaida a bango, duk shi ya raka su makwanci.

Sai Allah ya jarrabe shi da ɗa malamin lissafi. Malam, uban yarinyar, ko gaisuwa sai ya auna ta. Da jikar ta gama sakandare ta ce ita sashen kiɗa da waƙa na jami'a take so, Malam bai yi faɗa ba, alƙalami ya ɗauka. Ya bayyana wa gida cewa maki ɗari ake rabawa: arba'in na sakamakon makaranta, sittin na gwajin murya a gaban malamai, kuma sai mai saba'in ake ɗauka. Ita ta riga ta tara talatin da shida daga takardunta. Ya yarda ta gwada sau ɗaya tak. In ta faɗi, gurbinta na karatun haɗa magunguna yana nan, kuma ba za a sake tayar da zancen waƙa a gidan ba.

Injiniya ya yi dariya har da tari. Ya ce ai jami'ar da kanta ta yanke hukunci: ta ba kunne sittin, ta ba takarda arba'in, ashe su ma sun san wane ne babba. Malam ya ce, "Baba, talatin da shidan nan su ne matakalarta." Tsohon ya ce tsuntsu ba ya neman matakala.

Ranar gwajin Malam yana da aji, don haka Injiniya ya sa babbar rigarsa ya ce shi zai raka Uwargida, sunan da yake tsokanar jikar da shi tun tana goye. A mota ta roƙe shi abu ɗaya: ya zauna inda aka ajiye shi, kada ya koya wa kowa aikinsa. Ya ce yaushe ya taɓa yin haka. Ta dube shi kawai.

Wurin gwajin doguwar baranda ce da benci biyu, matasa jere, kowa rungume da akwatin kayan kiɗansa kamar mai jinya. Ana kiran lamba, mutum ya shiga, ƙofa ta rufe, a ji fiyano mai aiki da lantarki ya fara, murya ta bi. Babu wutar gari a ranar, janareta ne ke riƙe da ginin daga baya. Tun da suka zauna kunnen Injiniya ya bar masu waƙa ya koma can. Akwai wani ɗan ƙwas-ƙwas a ƙarƙashin rurin, siriri, irin wanda masu takarda ba sa ji sai inji ya yi bindiga. Ya gyara zama. Ya ciji leɓe. Ya jure har mutum tara suka shiga suka fito, abin da ko a gaban likita bai taɓa yi ba.

Aka kira lambar Uwargida. Ta shafa hannu a jikin siket, ta ce ya yi mata addu'a, ta shige. Da ƙofa ta rufe ya lissafa cewa alƙawarin zama ya ƙare, tunda wadda aka yi wa ba ta nan.

Ya zagaya baya ya tarar da maigadi yana gyangyaɗi a inuwa. Ya gaya masa injin nan mai ya ƙare masa, nan da rabin awa zai kama da wuta. Maigadi ya ce akwai ma'aikacin da ke kula da shi, ya yi kwas har na shekara biyu, ya tafi shan shayi. Jin kwas ɗin nan ne ya ƙarasa tunzura Injiniya. Ya miƙa hannun nan mai yatsu uku ya murɗa makunni.

Shiru ya sauka a kan ginin gaba ɗaya. Fankoki suka yi ta lilo har suka tsaya. Sai a lokacin, ta tagar da ke saman kansa, ya ji murya ɗaya tilo tana rawa a tsakiyar baiti, babu fiyano a ƙarƙashinta. Ya san muryar. Ta yanke. Aka yi shiru na kamar numfashi uku, waɗanda Injiniya ya ce ko ranar tanki bai ji tsawon irinsu ba, ko da yake wannan bai faɗa wa kowa ba sai sau ɗaya. Sannan ta ɗauko daga inda ta tsaya, siririya da farko, ta tsallake baiti guda cur, ta kai ƙarshe a kan sautin da ta fara da shi.

Mai kwas ya iso a guje da kofi a hannu, ya zaro sandar awon mai, ya nuna wa tsohon: cike har wuya. Ya tayar da injin, ya tashi lafiya lau. Injiniya ya ce to ai dole, tunda an ba shi hutu a kan lokaci.

Maigadi ne ya rako shi baranda riƙe da hannun riga. Uwargida na tsaye, ido ya yi ja. Ta dubi baƙin man da ke yatsunsa. A mota ta ce, "Kaka, da ka bari ya kama da wutar, da aƙalla ba kai ba ne." Daga nan ba ta sake ce masa uffan ba har mako biyu. Ruwan wankansa ma ƙanwar babanta ke kai masa. Ya riƙa gaya wa maƙwabta cewa yarinya tana adana murya ne, haka manyan mawaƙa ke yi.

Da sakamako ya fito, Malam ya tara gida ya karanta a tsaye. Gwajin murya: talatin da huɗu cikin sittin. An zabge mata maki saboda baitin da ta tsallake da rawar murya, an ɗan mayar mata da wasu saboda ta ƙarasa ba rakiyar kiɗa. Talatin da huɗu a kan talatin da shida, saba'in cif. Ita ce ta ƙarshe a jerin waɗanda aka ɗauka. Uwargida ta zauna a ƙasa ta rufe fuska da tafin hannu.

Malam ya ninke takardar a hankali. Ya ce da maki ɗaya ya faɗi daga sakamakon makarantarta, da yanzu tana koyon ƙirga ƙwayoyi. Ya ce, "Baba, takardar nan da kake rainawa ita ta ɗauko ta daga ramin da ka tura ta."

Injiniya ya ce a sake karanta masa wurin da aka ce ba rakiyar kiɗa. Aka sake. Ya tambaya cikin duk yaran nan masu akwatuna, wa aka rubuta wa haka. Babu. To wa ya ba malaman damar jin muryar tsirara, ba inji yana rufa mata asiri? Uwargida ta ɗago, tana dariya hawaye na zuba, ta ce wallahi tsohon nan ko a lahira sai ya ce shi ya gyara ma'auni. Maganarta ta farko ke nan gare shi, kuma ya karɓe ta a matsayin godiya.

Har yau in aka taɓo zancen a bakin gareji, wani ya ce sa'a ce, wani ya ce takarda ce, Injiniya yakan ɗaga hannun nan mai yatsu uku ya ce, "Mai musu ya kawo tasa 'yar, da duk takardunta. A kunna mata fiyano ta kai tsakiyar baiti, ni kuma in zagaya baya. In ta ƙarasa, ku daina kirana Injiniya."