Bangon da Ke Miƙewa Ranar Laraba

Mijin yayata ya yi shekara talatin da biyu yana koyar da lissafi a sakandare. A makon da ya yi ritaya ya tara mu ya ce zai gina ɗaki a bayan gidansa, da hannunsa, saboda jikoki in sun zo hutu. Ni kuwa magini ne, tun ina saurayi cokalin gini ke hannuna. Na ce, "Malam, ka bar mini mana. Mako uku na miƙa maka mabuɗi."

Ya dube ni ta saman tabarau kamar ɗalibin da bai yi aikin gida ba. "Ƙanina, gini ai lissafi ne. Ku dai kun riga mu riƙe cokali, shi ke nan."

Na ce Allah ya ba da sa'a, na shanye shayina na kama gabana.

Bayan kwana goma, ranar wata Laraba, Yaya ta kira ni a waya. "Duk abin da kake yi ajiye shi. Zo ka ga aikin yayanka."

Kowace Laraba Malam yana zuwa asibiti a gasa masa gwiwa, ba ya dawowa sai yamma. Na tarar da bango ya kai ƙugu, ya turo ciki kamar wanda ya ci ya ƙoshi. Bulo kuwa an jera shi ɗaya bisa ɗaya, babu sarƙewa. Na sa yatsa a simintin, ya zubo kamar gari. A gefe ga allo an kafe, ɗauke da zanen ɗakin, kowace kusurwa an rubuta awonta da jan biro. Zanen dai, wallahi, babu laifi.

"Jikokina ne za su kwana a nan," in ji Yaya.

"To ki faɗa masa gaskiya."

"Na faɗa, ya ce in tsaya a fannina. Kuma ka ga, mutumin nan tun da ya bar aji ban ji dariyarsa ba sai da ya fara kwaɓa siminti. Ba ni zan raba shi da abinsa ba. Kai dai gyara, ka yi shiru."

Na rushe bangon na sake ɗora shi daidai inda ya tsaya. Ginin bai ba ni wahala ba. Abin da ya ba ni wahala shi ne ɓata fuskarsa: sai da na riƙa shafa siminti ta ko'ina, ina barin dunƙule nan da can, don ya yi kama da hannun Malam.

Washegari da sassafe ya kira ni, murya cike da fara'a. Ya ce ya gano wani abu da maginan duniya ba su lura da shi ba: siminti in yana bushewa yana jan bango ya miƙe da kansa, kuma a lissafinsa kwana shida yake ɗauka. Har ya buɗe littafi na musamman yana rubutawa.

Haka muka yi ta yi wata uku. Shi ya yi kwana shida yana gini, ni in zo Laraba in gina. Taga ya sa ta a kife, na juya ta. Rufin kwano ya karkata shi yadda ruwan sama zai zuba kai tsaye a ƙofar kicin ɗin Yaya, na cire ƙusoshin ɗaya bayan ɗaya na gyara.

A ranar rufin ne ya dawo da wuri, wai likita bai zo ba. Ya same ni a kan tsani, guduma a hannu, ƙusa biyu a baki. Yaya ta shige kicin ta bar ni da shi.

"Na kama ka!" in ji shi. "Satar fasaha ka zo yi, ko? Sauko, ai ba sai ka ɓoye ba."

Ya zagaya da ni ɗakin yana bayani, ya kama hannuna ya ɗora a kusurwa. "Taɓa ka ji. Tsakani da Allah, ka taɓa fitar da kusurwa irin wannan?"

Na ce, "Na taɓa, Malam. Ba da daɗewa ba ma."

Ɗaki ya ƙare, ya yi kyau, maƙwabta suka yi ta zuwa kallo. Mai kemis na kusa da su ya yaba har ya wuce gona, sai Malam ya ce zai ɗaga masa katangar gidansa kyauta. Kwana huɗu katanga ta sunkuyo tana gaida masu wucewa. Malam ya ce kowa ya kwantar da hankalinsa, a jira ta bushe. Yaya ta je ta yi ƙus-ƙus da matar mai kemis, ita kuma ta gaya wa mijinta. Ranar Laraba mai kemis da kansa ya tsaya gadi a bakin titi ina aiki, yana dariya har da riƙe ciki. Kafin wata ya ƙare duk layin sun sani, ban da mutum ɗaya.

Sai gwiwa ta warke. Likita ya sallame shi, ya ce ba sai ya sake zuwa ba. A lokacin kuwa ya fara gina wa wani tela a layinsu ɗakin ajiya.

"Wane irin likita ne wannan," in ji Yaya, "da zai warkar da mutum ba tare da ya yi shawara da iyalinsa ba?"

Bangon tela ya yi kwana shida a karkace. Ya yi tara. Malam ya ɗauko kujera ya zauna gabansa da littafinsa, yana duba shafi yana duba bango. Rana ta goma sha biyu ina wurin aikina, wani bene da muke yi a bakin kasuwa, sai ga shi cikin tsohon wando da takalmin roba. Ya ja ni gefe.

"Na bi lissafin sau uku," ya ce, bai kalle ni ba. "Siminti bai canza ba, yashi bai canza ba. Abu ɗaya ne ya fita daga ciki, zuwana asibiti."

Na shiga karkaɗe hulata.

Ya daɗe yana kallon masu aiki. Can ya ce, "Nuna mini yadda kuke sarƙe bulon nan. A hankali, daga farko."

Tare muka rushe na tela muka sake ɗorawa. Yanzu watansa biyar yana zuwa wurina kullum. Yana tura baro, yana kwaɓi, kuma babu mai iya yi mini kuskuren awo yana tsaye. Ran nan na je gaida Yaya, na ji shi a ƙofar gida yana hira da mai kemis, wanda ya tambaye shi yaya aiki da ƙanin matarsa.

"Yaron yana ƙoƙari," in ji Malam. "Ina sa masa ido. Hannunsa ya fara faɗawa."