Mata Tara daga Ruga

Karo na uku ke nan layin waya yana katsewa. Safiyatu ta ɗaga kai ta dubi agogon bango. Uku da rabi. Ƙarfe huɗu za a rufe karɓar amsa.

Ita ce ungozomar asibitin Kumbashi. Tun ranar Litinin take zuwa wannan ofishin lafiya na Kontagora mai kwamfuta ɗaya tal, tana karanta darussan da likitocin wata jami'a suke turowa ta imel. Bincike za su yi a kan ƙarancin jini ga masu ciki, kuma duk asibitin da ya gama horon, ya kawo mata talatin, za a ba shi na'urar auna jini. Bara mata biyu suka rasu a hannunta. Ba ta da abin gwaji, sai dai ta ja fatar ido ta duba.

Malam Muhyiddin, jami'in da ke kula da shirin, ya sake buga lambar. Na'urar da ke haɗa kwamfutar da layin waya ta yi ta ƙara, can ta yi shiru.

"Ya shiga. Sista, yi sauri."

Tambayar ƙarshe ce ta rage: mata nawa ne suka amince da bakinsu, bayan an yi masu bayani da harshen da suke ji?

Talatin da ɗaya ne a rajistarta. Amma tara daga ciki matan ruga ne. Ardo Giɗaɗo ne ya tara mazajensu a gindin tsamiya suka dangwala yatsa, matan suna nesa suna kallo. Sai shekaranjiya, da ta karanta darasi na biyar, ta gane kuskurenta.

"Me kike jira?"

"Malam, ashirin da biyu ne."

"Ba ga takardu nan da yatsu ba? Wa zai taso daga jami'a ya shiga daji yana tambaya?"

"Ba yatsunsu ba ne. Kuma jininsu za a ɗiba."

"Asibitin Ibeto za su ba na'urarki, kin sani ko? Gobe wata ta zo maki da zubar jini, me za ki gaya wa mijinta?"

Da yatsa ɗaya ta buga ashirin da biyu, ta rubuta dalili a layi uku, ta roƙi a ƙara mata mako guda. Ta tura.

Malam Muhyiddin ya yi tsaki ya koma bakin taga. Ba wanda ya san ko za a amsa.

Ta haɗa takardunta, ta tsaya a bakin ƙofa. Fillancinta bai wuce gaisuwa ba.

"Malam, uwargidanka ai Bafulatana ce ko?"

"Zinariya? Me za ta yi maki?"

"Tafinta nake so ta yi mini. Gobe da safe, kafin matan su fita tallan nono."

Ya laluba aljihu ya zaro makullin babur.

"Mu je ki tambaye ta da kanki. Ni ban isa in amsa mata ba."