Dawaki Ba Ƙararrawa

Dawaki huɗu. Sirdi da linzami. Hular kwano. Dogayen kulake, ba gajerun da ake fita sintiri da su ba. Gilashin rufe fuskar doki. Jarkar ruwa. Akwatin magani. Barguna masu ruwan toka, irin waɗanda ba don sanyi ake ɗaukarsu ba. Abin da motar 'yan sandan doki ta ɗauko ke nan, kuma har ta haye gada babu wanda ya faɗi inda za ta.

Kofur yana zaune a bencin baya, kusa da kan dokinsa Akawal. Tun a ƙofar barga aka karɓe wayoyinsu.

"Filin ƙwallo ne," in ji Dogo, abokin sintirinsa.

"Da hantsin nan? Wa ke buga ƙwallo yanzu, kakarka?"

"Kakata ta fi ka iya zama a kan sirdi."

Ba wanda ya yi dariya. Sajan ya taso yana dafa bangon mota, da bokiti a hannu.

"Ƙararrawa," ya ce. "Kowa ya kwance tasa."

Kowane doki a rundunar yana da 'yan ƙararrawa a maɗaurin ƙirji. Rabin aikin su suke yi. Tun daga nesa mutane ke jin su, mai kaya ya tattara, uwa ta janye ɗanta, na zaune ya miƙe. An horar da dokin ya ture mutum da kafaɗa, kuma wanda yake tsaye turewa kawai zai sha. Na ƙasa kuwa doki ba ya ganinsa, balle an rufe masa fuska da gilashi.

Suka kwance. Ƙararrawar ta zube a bokiti, Sajan ya danna tsumma a kai.

Kofur ya leƙa ta tsakanin katakon mota. Shagon mai faci. Tankin ruwa mai tsatsa. Doguwar katangar tsohuwar tashar jirgin ƙasa. Ya san hanyar. A bayan katangar nan 'yan shimfiɗa suke kasa kaya, an daɗe ana cewa za a tashe su. Lungu ɗaya ne ke shiga wurin, ƙunci gare shi, doki biyu ba sa jerawa. A bakin lungun, kafin kowa, yayarsa ke zama a ƙasa da takalman gwanjo a kan leda. Ita ta riƙe shi bayan rasuwar uwarsu. Gwiwarta ta lalace tun bara. Kafin ta miƙe sai ta dafa bango, ta yi salati, ta huta a rabi.

"Sajan, bayan tasha za mu?" in ji Kofur.

Sajan ya dubi bokitin. "Ni ma yanzu na ji."

"Ba ƙararrawa?"

"Oga ya ce in sun ji mu za su kwashe, gobe su dawo. Yau kayan yake so a kama."

"Ara mini wayarka."

"Tawa ma tana barga. Kai ka fi ni ne?"

Dogo ya dubi wannan, ya dubi wancan. "Wai Yayarmu mai takalma? Wadda ta ce ƙafata sai dai a nemo kwalekwale?"

Kofur ya gyaɗa kai.

"To mu yi musanya," in ji Dogo, murya ƙasa-ƙasa. "Ka koma baya, ni in shiga gaba. Zan kauce mata."

"Da dokinka Kili? Kilin da leda ke firgitawa?"

Kowa a motar ya san yadda abin yake. Sauran ukun sababbi ne, ba su taɓa shiga matsatsin wuri ba sai sun ga wutsiyar Akawal a gabansu. In ya shiga, sun shiga. In ya tsaya, ko da bulala ba sa gaba. Kuma Akawal, kamar kowane dokin rundunar, mahayi ɗaya ya sani.

"Ka shiga a hankali," in ji Sajan. "Ka ja linzami."

"Da uku a bayana suna turo ni?"

"Kofur, kana da iyali. Na san abin da kake tunani, kuma na ga waɗanda suka gwada. Ko kakin ba a bar musu ba."

Motar ta rage gudu, ta ratse gefen katanga, ta tsaya inda ba a hango ta daga cikin lungu. Direba ya kashe inji. Sai hayaniyar kasuwa ta shigo: mai kiran ciniki, rediyon wani, yaro yana kuka, wata mata tana dariya da ƙarfi. A gaba akwai motar kwasar kaya, bayanta a buɗe, babu kowa a ciki. Oga yana tsaye kusa da ita yana sa safar hannu.

Aka sauke gangaren ƙarfen da dawaki ke sauka ta kansa. Dogo ya ja Kili ya fita, bai waiwayo ba. Na biyu ya bi, sannan na uku. Akawal aka fara lodawa, don haka shi ne na ƙarshe. Ya sa hanci a kafaɗar Kofur, ya huro iska mai ɗumi.

Oga ya matso bakin motar. "Kai kuma me kake jira? Kati za a aiko maka?"

"Yallaɓai, akwai mutane zaune a ƙasa a bakin lungun."

"Za su tashi."

"Akwai wadda ba ta iya tashi."

"Sauko da dokin nan."

Sajan yana gefe, idonsa a kan takalminsa. Kofur ya dubi lungun. Daga nan ana iya ganin gefen wata leda shuɗiya da takalman yara a jere, an haɗa su ƙafa-ƙafa.

Tsakanin dawaki da gangaren akwai ƙofar ƙarfe mai sakata ta ciki. Ya jawo ta, ta rufe, ya zura sakatar har ƙarshe.

"Akawal ba zai sauka ba, Yallaɓai," ya ce ta tsakanin ƙarafan. "Ni ma haka."