Jawabi Mai Shafi Arba'in

Shekara ashirin ina kula da ɗakin ajiye takardu a ma'aikatar harkokin waje, ba mai leƙo ni sai ɓeraye. Ran nan sai ga sabon Minista da kansa, riƙe da jawabi mai shafi arba'in. Washegari zai karɓi wakilan maƙwabciyar ƙasa kan maganar gadar da za ta haɗa mu.

Ya ce, "Baba, an ce sau uku ana wannan zama yana watsewa. Me ya jawo?"

Na sauko masa da fayil uku. "Ranka ya daɗe, duba lokutan. Duk ukun, ministanmu ya fara jawabi ƙarfe goma, bai dire ba sai bayan ƙarfe biyu. Baƙi kuwa tun asuba suke hanya, ko ruwa ba a ba su ba. Wa zai sa hannu cikinsa na kuka?"

Ya ƙyalƙyale da dariya. "Wato ba a kan gadar aka ɓata ba?"

"Ai ko maganarta ba a kai ba."

Ya dubi jawabinsa kamar mai bankwana da ɗan fari. Washegari aka fara da abinci, ya yi magana minti biyar, kafin la'asar an sa hannu.

Jaridu suka yi ta yabon hangen nesan Minista, ko oho. Shafi arba'in ɗin nan dai suna wurina a fayil na huɗu, ina jiran wanda zai gaje shi.